Tamale: Tayar da aka yi wa sabuwar riga, sauƙi ce ko kasada?

A unguwar Gumbihini da ke Tamale, kamar sauran unguwannin birnin, ba a rasa mai faci a bakin titi da tayoyi jibge a gefensa. Nan direban tasi, da mai keken "yellow-yellow", da yaron babbar mota ke tsayawa idan taya ta suɗe. Tun bayan mummunar faɗuwar da kuɗin Ghana, sidi, ya yi a 2022, sabuwar taya ta yi wa direbobi da dama nisa, domin daga waje ake shigo da ita. Masana'antar taya ta Bonsa da ke kusa da Tarkwa ta daɗe da daina aiki, haka ma Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu a Najeriya a 2007 da 2008. Shi ya sa ake yawan tambaya: tayar da aka sabunta tana da aminci?

Amsar ta dogara ne da abin da aka miƙo wa mai saye, saboda kaya iri uku ne ake haɗawa a kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne sabuntawa ta gaskiya, wadda ake yi a masana'anta. Ana duba gangar tsohuwar taya ciki da waje, a jefar da wadda wayoyinta suka karye ko suka yi tsatsa. Wadda ta tsallake sai a kankare sauran zanenta, a shimfiɗa mata sabuwar roba, a gasa da zafi da matsin iska har su zama jiki ɗaya. Wannan sana'a ce sananniya a duniya. Jiragen sama na sauka a kan irin waɗannan tayoyi, kamfanonin manyan motoci a Turai da Amurka ma da su suke aiki, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na da ƙa'idoji biyu a kansu, lamba 108 ta ƙananan motoci da lamba 109 ta manya.

Na biyu ita ce tayar gwanjo, wadda aka gama mora a Turai ko Asiya, ta sauka a tashar Tema, ta bi ta kasuwannin Abossey Okai a Accra da Suame a Kumasi kafin ta iso arewa. Ba abin da aka sabunta a jikinta.

Na uku shi ne mafi hatsari: tayar da ta suɗe, wani ya sa wuƙa ko ƙarfe mai zafi ya sassaƙa mata sabon zane, ya shafe ta da baƙin fenti. Wannan rage mata roba aka yi, har wayoyin suka matso kusa da kwalta. Direban da ya saye ta a matsayin sabuntacciya ya yi cinikin biri a sama.

Ko a sabuntawa ta gaskiya, akwai bambanci tsakanin babbar mota da ƙarama. Tayar tirela tun daga masana'anta an ƙera gangarta da wayoyin ƙarfe masu kauri don a sake yi mata riga, kuma gangar ce ta cinye mafi yawan kuɗinta. Ga mai motar da ke ɗaukar kaya daga Tema ya ratsa Tamale da Bolgatanga ya fita ta Paga zuwa Burkina Faso ko Nijar, ragin da zai samu a kan tayoyi goma sha wani abu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tayar ƙaramar mota kuwa gangarta siririya ce, ba don rayuwa ta biyu aka yi ta ba. Ƙari a kan haka, sababbin tayoyi masu araha daga Sin sun cika kasuwa, ratar kuɗin ta ragu matuƙa. Ko a Turai, sabunta tayar ƙaramar mota ya ja baya sosai.

Dokokin yankin ma sun nuna wannan bambanci. Najeriya ta sa tayoyin gwanjo da sabuntattu cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su, amma ta bar ƙofa ga tsofaffin tayoyin manyan motoci da za a sabunta a cikin gida. A Ghana, dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 2012, wato L.I. 2180, ta buƙaci zurfin zanen taya ya kai milimita 1.6, ta kuma hana sa tayar da ta haura shekara 4 da ƙerawa. Matsalar ita ce aiwatarwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, da 'yan sandan hanya ba za su iya duba kowace taya ba, direban da ke neman na cefane kuma bai cika tambayar shekarun taya ba.

Yanayin Tamale na ƙara wa lamarin nauyi. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Babban abin da ke fasa taya, sabuwa ko sabuntacciya, shi ne zafin da ke taruwa a cikinta idan iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. Sabuwar riga ba ta mayar da tsohuwar ganga yarinya. Idan robar ciki ta bushe ta tsattsage, zanen waje ba zai hana ta fashewa ba. Idan kuma tayar gaba ce ta fashe ana cikin gudu, sitiyari kan ƙwace wa direba. Saboda haka ne Amurka, duk da yawan amfani da sabuntattun tayoyi a can, ta hana sa su a gaban motar bas mai ɗaukar fasinja.

Akwai abin da kowane direba zai iya dubawa ba tare da na'ura ba. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da aka sabunta a masana'anta na ɗauke da sunan wanda ya yi aikin. Wadda aka goge rubutun gefenta, ko take da ƙulli, ko tsaga, ko zanenta ya karkace kamar aikin hannu, a bar wa mai ita.

A taƙaice, sabuntacciyar taya daga masana'antar da aka sani tana biyan kuɗinta a ƙafafun baya na babbar mota da tirela, muddin ana kula da iska da lodi. Ga tasi, da motar gida, da gaban duk motar da ke ɗaukar mutane, sabuwar taya ko mai araha ce ta fi. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan maganar rai ake yi. Ƙungiyoyin direbobi irin su GPRTU, waɗanda ke riƙe da tashoshin mota, suna iya fara duba tayoyi kafin mota ta yi lodi. Fasinjan da zai tashi daga Tamale zuwa Kumasi ko Wagadugu ba ya cikin cinikin taya, amma ransa na kan ta.