Wa zai kaɗa wa marar ganga?

Daren Asabar da ta shige na biya jika biyu na shiga wani wasan kiɗa a nan Maraɗi, wanda abokan sana'a suka shirya domin tara wa wani mawaƙi kuɗin magani. Ba zan ambaci sunansa ba, kallon da iyalinsa suka sha ya ishe su. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, an kai shi Yamai inda na'ura ke wanke masa jini. Duk wanda ya san wannan ciwo ya san ba wanki ɗaya ake yi a sallami mutum ba. Sau biyu ko uku ne a kowane mako, kowane zama wajen awa huɗu, kuma haka za a yi ta yi muddin rai, sai fa in an dace da dashen ƙoda.

Fili ya cika maƙil. Makaɗa sun kwana suna dukan kalangu da gurmi da jita ba tare da sun karɓi ko dala ba. Na ga wata mai tallan goro ta kwance bakin zanenta ta jefa dala ashirin cikin kwali, ta juya ba ta jira godiya ba. Ita da irinta, Allah ya saka musu da alheri. Da su ba ni da magana.

Maganata da masu kujerun gaba ce. Sun iso a makare cikin manyan riguna, sanƙira na gaba yana shelar zuwansu. Kowane ya miƙe sai an tsai da waƙar marar lafiya an koma kirarinsa, sa'an nan ya fara liƙi, takarda ɗaya bayan ɗaya, yana duban inda mai ɗaukar hoto yake. Wasu ko hannu ba su sa aljihu ba: alkawari suka yi a lasifika, aka yi musu tafi, suka shiga mota. Har aka tashi babu wanda ya gaya mana nawa aka tara, nawa hayar fili da kujeru da janareto suka ci, nawa zai isa hannun matar da ke jinya a Yamai. Ba na cewa an ci kuɗin. Ina cewa wanda ya tara dukiyar jama'a da sunan marar lafiya, wajibi ne ya karanta lissafi a gaban jama'a.

To, a ce ma ko tamma ba ta ɓata ba. Wasa dare ɗaya ne, ciwo kuwa na kowane mako ne. Ga magani, ga awon jini, ga hayar ɗaki a babban birni mai nisan fiye da kilomita 600 daga gida, ga yaran da aka bari. In kwalin ya ƙare, sai a sake hayar fili? Sau nawa mutanen gari za su sayi tikiti domin mutum guda?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan bawan Allah ba mabaraci ba ne. Mai bin bashi ne, mu kuma da muka je muna taƙamar sadaka, mu ne ake bi. Tun daga Taron Ƙasa na 1991 da zaɓen 1993 har zuwa zaɓen 2020 da 2021, wace jam'iyya ce ta cika fili ba da bakin mawaƙi ba? An hau kujeru da muryoyinsu, an sallame su da shadda da ɗan abin sawa a aljihu. Ku kuma ƴan kasuwa, ku tuna shekarun da ake kwafar kaset a cikin kasuwa, sa'an nan faifai, yau kuma ana zuba waƙa ɗari a katin salula a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Nawa ya koma wurin mai waƙar? Doka kuwa tana nan. Nijar ta yi dokar kare haƙƙin mawallafa a 1993, ta kafa hukumar BNDA a 1995, ta sabunta dokar a 2010. Mai gidan rediyo, mai otel, mai gidan biki da ke cin riba da waƙar wani, akwai abin da ya wajaba ya biya. Da kowa na biya, da wanda ya shekara talatin yana waƙa bai jira kwali ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zumunci al'adarmu ce, kuma mai suka ba ya jinya. Gaskiya ne, in gobe aka sake shirya wasan zan sake biyan jika biyuna. Amma zumuncin da sai an kira sunanka a lasifika, ciniki ne. Za a kuma ce hukuma ba ta yi barci ba: tun 2006 aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2024 kuma an rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin yabo. Sai dai ku ma'aikata, ku da kuka ga yadda karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin magani dare ɗaya, kun fi kowa sanin cewa rage farashi dabam, samun asusun da zai ɗauke wa mutum nauyin doguwar jinya dabam. Manomi da ɗan tebur da makaɗi ba su da albashin da za a yanka a ajiye musu. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Wannan ma alkawarin lasifika ne har sai mun gan shi a kan gadon asibiti.

Ga kuma tambayar da ta hana ni barci bayan na koma gida. Mawaƙinmu yana da suna, yana da abokai masu ganga. Mai tallan goron nan fa, in ƙodarta ta tsaya gobe, wa zai kama mata fili? Ƙasar da sai ka yi suna kafin a cece ka, ta mai da rai abin gasa.

Saboda haka abu uku nake nema. Masu shirya irin wannan wasa su buga lissafinsu a jarida cikin mako guda, tare da sunayen waɗanda suka yi alkawari a bainar jama'a ba su cika ba. Mawaƙa su kafa asusun lafiya nasu, kowa na zubi wata-wata kamar adashi, a riƙa saka masa wani kaso daga kowane biki da kowane kuɗin haƙƙin waƙa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago kuma, da suka san hanyar fita yajin aiki a kan haraji da albashi, su sa inshorar lafiya ta kowa da kowa a sahun gaba na buƙatunsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba marar lafiyarmu sauƙi. Masu alkawarin daren Asabar kuwa, matarsa na nan Yamai tana jira.