Yaron da ke son ilimin taurari, kada mu kashe masa gwiwa

Jama'ar Kwandere, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu sake dubawa. Da zarar yaro ya ce fiziks yake so, ko ilimin taurari, sai uba ya ce, "To da me za ka ci abinci?" A matsa masa sai likitanci, ko da zai shekara uku yana rubuta JAMB. A ganina asara muke yi.

Wannan fage bai cika ba, shi ya sa yake da daɗi. Duk abin da muke gani, rana da wata da Zara da Kaza da 'Ya'yanta da mu kanmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke cikin sararin samaniya. Wajen kashi 27 wani abu ne marar haske da ake gane shi ta ƙarfin jansa kawai. A shekarun 1970 Vera Rubin ta nuna cewa taurarin da ke gefen manyan tarin taurari suna gudu da saurin da ya isa ya watsar da su, amma ba su watse ba. Wani abu ne ke riƙe da su, kuma har yau ba wanda ya kama shi a ɗakin gwaji. Ragowar kashi 68 ya fi ɗaure kai: a 1998 aka gano cewa sararin samaniya ƙara sauri yake yi wajen faɗaɗa, aka ba da kyautar Nobel a 2011, amma ba a san abin da ke tura shi ba.

Ko ranar da ke gasa mu a watan Maris ba a gama da ita ba. Fuskarta tana da zafi kusan digiri 5,500, amma rawanin hasken da ke kewaye da ita, wanda mutanen arewa maso yamma suka gani a husufin 29 ga Maris 2006, ya haura digiri miliyan ɗaya. Ta yaya nesa da murhu zai fi murhun zafi? Amurka ta harba kumbon Parker a 2018 don bin sawun wannan tambaya.

Wai karatun Turawa ne? Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Manomanmu da taurari suke lissafin damina.

Maganar abinci kuwa gaskiya ce, guraben aikin kallon taurari a Najeriya kaɗan ne. Amma wanda ya koyi wannan fanni ya iya lissafi da kwamfuta da tace bayanai masu yawa, kuma bankuna da kamfanonin sadarwa suna neman irinsa. Akwai hukumar NASRDA a Abuja da cibiyarta ta Nsukka. Ghana ta mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse na'urar sauraren sama a 2017, Afirka ta Kudu kuma tana gina SKA, duk suna buƙatar ɗalibai.

Ba sai yaro ya yi nisa ba ma. Jami'ar Tarayya ta Lafia tana da sashen fiziks, daga nan zai iya kwana a gida ya je aji. Abin da yake buƙata tun daga sakandare shi ne kiredit a lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, sai uban da zai sa hannu a fom.