RA'AYINMU: Ƙarfen Da Ke Ƙara Wa Bindiga Sauri

Jama'a makiyaya da 'yan'uwanmu fataken dabbobi, akwai wata magana da ta fara yawo a bakin samarinmu, a kasuwar dabbobi da wajen shan shayi, wadda muke ganin bai kamata mu yi shiru a kanta ba. Maganar kuwa ita ce ta wani ƙarfe da ake ɗaura wa bindiga mai fitar da harsashi ɗaya-ɗaya, sai ta koma tana zubo wuta kamar ta soja. Yara suna ganin hotunansa a wayar salula, suna jin cewa wai kotun Amurka ta halatta shi. Daga nan sai wasu su ɗauka cewa abin da babbar ƙasa ta halatta ba zai zama laifi a Tamanrasset ko Agadas ba.

To, bari mu fara da abin da ya faru a can. A Amurka ana sayar wa farar hula bindigar da kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa. Sai wasu suka ƙera wani gindin bindiga mai zamewa gaba da baya, wanda ke amfani da turin da bindiga ke yi bayan harbi, har ta riƙa fitar da ɗaruruwan harsasai a minti guda. Ranar 1 ga Oktoba ba ta mantuwa a garin Las Vegas: a shekarar 2017 mutum guda ya hau bene na 32 na wani otal, ya buɗe wa masu kallon wasa wuta. Cikin kimanin minti 10 ya harba harsashi fiye da 1,000, mutum 58 suka mutu a daren, wasu 2 suka cika daga baya, ɗaruruwa suka ji rauni. Gwamnatin Trump ta haramta ƙarfen, haramcin ya fara aiki a watan Maris 2019. Ranar 14 ga Yuni 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke haramcin, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Hujjarsu ta fassarar doka ce: dokar ƙasarsu ta ce bindigar yaƙi ita ce mai fitar da harsashi da yawa da jan kunama ɗaya, shi kuwa wannan ƙarfe kunamar ce yake sa ta yi ta motsi da sauri. Ba su ce abin ba shi da haɗari ba. Kuma har yau jihohi irin su Kaliforniya da New York suna hana shi da dokarsu.

Wannan shari'ar Amurkawa ce, ba ta fitar da kowa daga hannun jandarma a In Gizam.

A nan Aljeriya dokar makamai ita ce mai lamba 97-06 ta ranar 21 ga Janairu 1997. Ta kasa makamai kashi 8, ukun farko su ne kayan yaƙi, kuma duk wanda ya ƙera su, ko ya shigo da su, ko ya yi cinikinsu ba da izini ba, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin rai da rai. Dokar da aka rubuta a tsakiyar tashin hankalin shekarun 1990 ke nan, lokacin da hukuma ta karɓe hatta bindigogin farauta daga hannun manoma, wasu suka shafe shekaru suna bin sawun nasu. Ƙasar da ta yi haka da bindigar harbin zomo, yaya za ta yi da baƙo ɗan Nijar ko ɗan Mali da aka samu da bindiga mai ruwan wuta a cikin kayan raƙuminsa? A Nijeriya ma haka abin yake. Dokar bindigogi ta 1959 ta ce irin waɗannan makamai sai da izinin shugaban ƙasa. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun sa hannu a Abuja a watan Oktoba 1998 kan dakatar da shigo da ƙananan makamai, suka mai da shi yarjejeniya a 2006. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ECOWAS a Janairu 2025, amma fitarsu ba ta goge dokokin cikin gidansu ba, kuma Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994.

Duk da haka ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba. Mun san abin da ke jan zuciyar yaro zuwa ga wannan abu, kuma ba wauta ce kaɗai ba. Makiyayi yana tsakiyar daji, tsakaninsa da barikin jandarma tafiyar kwana biyu ko uku. Ɓarawon da zai zo masa ba da sanda ko takobi yake zuwa ba kamar na zamanin iyayenmu, yana zuwa ne bisa babur ko mota, da kalashi a kafaɗa. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 aka fasa rumbunan makaman Libiya, bindiga ta cika Sahara. Mutum ya yi shekara 20 yana tara garke, a kore shi cikin dare ɗaya, ya je ya kai ƙara a ce ya dawo gobe. Dattawanmu ba su manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a ƙarshen Oktoba 1991 aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba a manta da Tilliya ba a jihar Tawa, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a rugage ranar 21 ga Maris 2021. Wanda ya rasa ɗan'uwa a irin wannan rana, in ya ce yana son makamin da ya fi na maƙiyinsa, ba za mu kira shi mahaukaci ba. Akwai kuma son burgewa, wannan ma gaskiya ce. Ƙarar bindiga mai sauri tana da daɗi a kunnen saurayi, musamman in ana ɗaukarsa hoto.

Amma a zauna a yi lissafi irin na fatake. Gidan harsashin kalashi 30 yake ɗauka. In aka sake ta ta yi ruwan wuta, cikin daƙiƙa 3 ya ƙare. Bakin bindiga yana ɗagawa sama, harsashi yana watsuwa inda ya ga dama. Ko soja ana koya masa ya riƙa harbi ɗaya-ɗaya ko kaɗan-kaɗan in yana son ya sami abin da ya auna. Ruwan wuta amfaninsa a kan taron jama'a yake, shi ya sa ya yi ɓarna a Las Vegas. Makiyayi kuwa wane taro ne a gabansa? Raƙumansa ne da awakinsa, da yaransa a bakin rijiya, da maƙwabcin da suka yi gardama kan layin ban ruwa. Gardamar rijiya da a da ake rabawa da sanda, ardo ko garso ya zo ya sasanta, a biya diyyar rauni a wuce, yau in aka saki wuta gawa biyar za a ɗauka, gaba kuma ta shiga tsakanin dangi biyu har jikoki. Abin da ya faru tsakanin Fulani da Dausahak a kan iyakar Mali da Nijar ya ishe mu misali: satar shanu ce da ramuwa, kowa ya nemi bindiga, daga baya masu tayar da ƙayar baya suka sami ƙofa suka shiga.

Babbar asara kuwa ita ce ta suna. A watan Fabrairu 2021 gwamnan Bauchi Bala Mohammed ya ce makiyaya suna riƙe kalashi ne don kare kansu. Wata guda bayan haka fadar shugaba Buhari ta sanar da umarnin a harbe duk wanda aka gani da kalashi a daji. Wa ke zaune a daji in ba mu ba? Da zarar an yarda cewa makiyayi da ɗan bindiga abu ɗaya ne, mai bindiga da marar ita duk sun shiga uku. A Janairu 2023 jirgin sama ya jefa bom kan makiyaya a Rukubi ta jihar Nasarawa, kimanin 40 suka mutu, alhali shanunsu suke saukewa daga mota. Kowane hoton saurayi mai rawani yana ruwan wuta da ya shiga waya, yana ƙara wa masu wannan zargi hujja ne.

Garin nan namu ya ga sulhu da idonsa. A Tamanrasset aka sa hannu kan yarjejeniyar 6 ga Janairu 1991 tsakanin gwamnatin Mali da 'yan tawaye. A Tumbutu an ƙona bindigogi kusan 3,000 ranar 27 ga Maris 1996, a Agadas ma an yi haka ranar 25 ga Satumba 2000. Mutane sun miƙa makamansu ne bisa alkawarin cewa hukuma za ta tsare su. Alkawarin nan muke bin bashi. A 2010 aka kafa hedkwatar haɗin gwiwar sojojin ƙasashen yankin a nan Tamanrasset. Muna roƙon hukumomi su sa sintiri a manyan rijiyoyi da hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa In Gizam da Asamaka, su riƙa karɓar ƙarar satar dabbobi a rubuce a ranar da aka kawo ta, kuma dabbar da aka kama da shaidar mai ita a jikinta a mayar masa ko da tana wata ƙasa.

Ku kuma membobinmu, wanda ke da bindigar farauta da takardarta, ya bar ta yadda aka rubuta ta, kada ya kai ta wurin maƙeri a taɓa mata komai, domin ranar da aka sauya ta takardar ta daina kare shi. Fataken da ke kawo dabbobi su koma da dabino, kada ku karɓi ƙunshi ko buhu daga wanda ba ku sani ba sai an buɗe a gabanku, kuma ku duba motar da kuka yi haya kafin a ɗora kaya. In aka tsayar da mota a shingen jandarma aka sami ƙarfe a ƙarƙashin buhunan dabino, direba da mai kaya da yaran mota duka ake tafiya da su, dabbobi da dukiya kuma su zauna a hannun duwan har a gama shari'a.