Dillalan Da Ba Su Da La'ada

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wata sana'a wadda kusan dukanmu muke yi, alhali ba wanda ya ɗauke mu aiki, ba kuma wanda ya taɓa biyanmu ko sisi. Watau sana'ar talla.

A hutun da ya wuce wani saƙo ya shigo wayar yayana, wai wani kamfani yana bikin cika shekara, duk wanda ya tura wa mutum 20 za a ba shi kyautar data. Ni kuwa na karɓi wayar na duƙufa, na tura wa kowa, har da Kawu da malamin Islamiyyarmu. Shiru kake ji. Da Baba ya sami labari bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Yarinyar da ke tallan ƙosai a bakin tasha ana ba ta ladan talla, dillali a kasuwa yana da la'adarsa. Kai nawa aka ba ka?" Na rasa ta cewa.

Tun daga ranar nake bin diddigin irin wannan talla mai yaɗa kansa. Ashe ya girme ni nesa ba kusa ba. A shekarar 1996 waɗansu samari biyu a Amurka, Sabeer Bhatia da Jack Smith, suka buɗe Hotmail, inda mutum zai aika wasiƙa ta intanet kyauta. Maimakon su dogara da allunan talla da gidajen rediyo, sai suka liƙa ɗan layi guda a ƙasan kowace wasiƙa, yana gayyatar mai karatu shi ma ya zo ya buɗe akwatinsa kyauta. Ke nan duk wanda ya gai da abokinsa ya yi musu talla, ko ya sani ko bai sani ba. Kafin ƙarshen 1997 suna da mutane fiye da miliyan 8, kamfanin Microsoft kuma ya saye su a kan kuɗi wajen dala miliyan 400.

Mene ne asirin? A ganina abu biyu ne. Na farko lissafi, wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya yi. In mutum ya tura wa 20, kowannensu ya tura wa 20, an sami 400, sai 8,000, sai 160,000, a hawa na biyar an kai 3,200,000. Gaskiya ba kowa ke turawa ba, waɗansu kuma saƙon yakan same su sau uku, amma ko kashi ɗaya cikin goma ya ishi mai kaya. Na biyu kuwa, wanda ya fi damuna, shi ne amana. In baƙo ya tsaya a ƙofar gida yana yabon kayansa, kowa ya san ciniki ya kawo shi, sai a saurare shi da kunne ɗaya. Amma in ɗanka ne ko abokinka ya ce maka ga abu mai kyau, ba ka tsayawa bincike. Kawu bai san wancan kamfani ba, bai ma tabbata akwai shi ba. Ni ya sani. Sunana aka ara aka shiga gidansa da shi.

Kada a ce ba na yaba hikima. Akwai wani saurayi ɗan Ingila, Alex Tew, mai shekara 21, wanda a watan Agusta na 2005 yake neman kuɗin shiga jami'a. Ya buɗe shafi guda a intanet, ya yanka shi gida-gida kamar filin awon igiya, ɗigo miliyan ɗaya, kowane ɗigo dala ɗaya, mai saye ya sa hoton tallansa a ciki. 'Yan'uwa da abokai suka fara saye. Da 'yan jarida suka ji, mutane suka yi ta gaya wa juna don mamaki, masu kaya kuma suka ruga inda idanu suka taru. A watan Janairu na 2006 ya yi gwanjon ɗigo 1,000 na ƙarshe a kan dala 38,100, jimillar abin da ya samu ta kai dala 1,037,100. Wannan yaro bai yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ya ce zai sayar shi ya sayar. Sai dai ina tuna wa abokaina masu mafarkin yin arziki dare ɗaya cewa ɗaruruwan mutane sun kwaikwaye shi, ba kuwa wanda ya kama ƙafarsa, domin abin mamaki sau ɗaya yake ba da mamaki.

Amma dubi masu fim ɗin The Blair Witch Project na 1999. Sun baza labari a intanet cewa waɗansu ɗalibai uku sun ɓace a wani daji na jihar Maryland, an tsinci abin da suka ɗauka da kyamara, har aka buga takardun cigiya da hotunansu. Alhali kuwa 'yan wasa ne, suna nan garau. Fim ɗin da aka ɗauka da kuɗi kaɗan ya tara kusan dala miliyan 250. Masana kasuwanci har yanzu suna yabon wannan dabara. Ni dai ban ga abin yabo ba. Mutanen da suka yi ta yaɗa cigiyar nan da zuciya ɗaya, tausayinsu aka mai da jari.

Wani zai ce, to, ai wannan hanya tana yin alheri. Haka ne, ban musa ba. A 2014 aka yi yayin sheƙa wa kai bokitin ruwan ƙanƙara, mutum ya ɗauki hotonsa ya kira sunan abokansa su ma su yi ko su ba da sadaka, don taimakon masu cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi, irin wadda ta kama masanin kimiyya Stephen Hawking. Har Bill Gates ya jiƙe sharkaf. Ƙungiyar da ke kula da cutar a Amurka ta tara dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Amma a lura, a nan an san masu karɓa, an san inda kuɗi za su, wanda ya yaɗa kuma ya san abin da yake yaɗawa. Dillali ne da ya yafe la'adarsa da kansa. Wannan daban yake da wanda aka ɗora wa tire a ka yana barci.

Saboda haka ba na goyon bayan iyayen da ke cewa a raba mu da waya ɗungum, domin wata rana da ita za mu nemi aiki, wataƙila ma mu tallata namu kayan. Abin da nake roƙo shi ne su riƙa yi mana irin tambayar da Baba ya yi mini. Mu kuma, kafin yatsa ya taɓa wurin turawa, mu tambayi kanmu wa ya ƙirƙiro wannan saƙo, me kuma zai samu in na tura. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wancan saƙon da na yaɗa, sai da ya nemi kowa ya rubuta sunansa da lambarsa kafin ya ci gaba, ni kuwa ban ko yi tunanin hannun wa za su faɗa ba.

Kawu ya rubuta nasa, don ni na aiko. Ranar da zan dawo makaranta na je yi masa sallama, ya ba ni kuɗin mota kamar yadda ya saba, sa'an nan ya ce, "Af, ɗana, datar nan taka fa har yanzu tana hanya?"