Rabon Mai Tsaron Kaya

Dukanmu mun tashi da labarin yaron nan makiyayi da ya kā da ƙato da majajjawa. Wasunmu a makarantar Lahadi muka ji shi, Dawuda da Goliyat, wasunmu kuwa a gaban malam, Annabi Dawuda da Jaluta. Sai dai galibinmu nan muke tsayawa, ba ma bin sawun abin da ya biyo baya.

Littattafan Sama'ila sun ba mu sauran tafiyar. Wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, Dawuda ya yi shekara 7 da wata 6 a Hebron yana sarautar Yahuza kaɗai. Sa'an nan ya ci Urushalima, kagarar Yebusiyawa, ya kafa fadarsa a garin da ba kabilar da za ta ce nata ne. Daga can rundunarsa, da Yowab a matsayin sarkin yaƙi, ta karya Filistiyawa, ta sa Mowabawa biyan gandu, ta kori Hadadezer sarkin Zoba, ta girke dakaru a Dimashƙu da Edom, ta ci Rabba ta Ammonawa, inda birnin Amman yake a yau. Masu tonon kufai suna ta muhawara kan faɗin daular, amma dutsen da aka tono a Tel Dan a 1993 yana ɗauke da sunan gidan Dawuda.

Mu 'yan Adam muna son jerin garuruwan da aka ci. Shi ake rerawa, shi ake koya wa yara. Ba kasafai muke tambayar abin da ya riƙe mayaƙan wuri guda ba.

Amsar tana can baya, tun Dawuda na gudun hijira daga Sarki Saul. Amalekawa suka ƙone Ziklag, garin da yake zaune da mutanensa, suka kwashe mata da 'ya'ya. Dawuda ya bi su da mutum 600, amma a rafin Besor gajiya ta kā da 200, aka bar su da kaya. Da aka dawo da ganima, waɗansu cikin 400 ɗin suka ce waɗanda ba su ga ƙurar yaƙi ba su karɓi iyalansu kawai su kama gabansu. Dawuda ya ƙi. Ya yanke cewa rabon mai tsaron kaya daidai yake da na mai zare takobi, hukuncin kuma ya zama doka a Isra'ila. Har dattawan Yahuza ya aika wa rabonsu, ba da daɗewa ba kuwa mutanen Yahuza suka naɗa shi sarki.

Mun san irin mutanen Besor a cikinmu: mai dafa wa ma'aikata abinci, mai gadi, uwar da ta riƙe gida. Ranar rabo sai a manta da sunayensu, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zamanin Sulemanu, ɗan Dawuda, daula ta yi ƙiba. Littafin Sarakuna ya ce an raba ƙasa gunduma 12, kowacce tana ciyar da fada wata guda a shekara. An ɗebi mutum 30,000 aikin tilas a Lebanon, 10,000 kowane wata, an gina Hazor da Magiddo da Gezer. Da Sulemanu ya rasu, wajen 930 kafin haihuwar Almasihu, jama'a suka taru a Shekem suna roƙon ɗansa Rehobowam ya rage musu nauyi. Dattawa suka ce ya sassauta, samarin da suka girma tare da shi suka ce ya tsananta, shi kuwa ya bi ta samari. Kabilun arewa suka jajjefe shugaban aikin tilas har lahira, suka naɗa Yerobowam sarkinsu. A shekara ta 5 ta sarautar Rehobowam, Shishak na Masar ya zo ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada.

Ku lura, kafin baƙo ya shigo, bango ya riga ya tsage. Kakan ya tuna da mutum 200 da suka gaji, ya sami ƙasa. Jikan ya raina gajiyar jama'a, ya rasa kabila 10. Duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, ko gida ne ko shago ko gari, kafin ya hango sabuwar iyaka, ya fara tambayar ko masu ɗaukar masa kaya sun sami rabonsu.