Likitan cikin littafinka ba shi da ido ne?

Maƙalar wannan makon ƙorafi ce, kuma da ku nake.

Na gaji da likitan da kuke rubutawa. Hajiya ta yanke jiki ta faɗi, a garzaya asibiti, likita ya fito da takarda, ya gyara gilashi, ya karanto abin da gwaji ya nuna. Shi ke nan aikinsa. Ba ya tambaya, ba ya taɓa mara lafiya, ba ya shakka. Ɗan aiken na'ura kawai.

Mu 'yan Zamfara bai kamata mu yi wannan kuskuren ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, masu bibiyar sanƙarau, suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Amai, ciwon ciki, jijjiga. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Wanda ya daɗe yana jinyar yara ya san yadda mai maleriya ke farfaɗowa in magani ya kama shi. Waɗannan ba sa farfaɗowa. Wannan sanin ne ya sa aka waiwayi duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje, aka ɗebi jini aka tura Jamus. Gubar dalma ce, wadda ta kashe yara sama da 400. Mutanen ƙauye ma sun ga agwaginsu na ƙarewa tun kafin nan.

To wa ya gaya wa ɗakin gwaji ya nemi dalma? Takarda?

Na san wani zai ce ai boka ma ya sha gani. Akwai mai kemis a nan Tudun Wada da duk zazzaɓi a wurinsa taifot ne, shekara da shekaru, kuma bai taɓa bin sawun wanda ya sallama ba. Wannan maimaici ne. Su waɗancan zatonsu suka miƙa wa gwajin da zai iya ƙaryata su.

Kafin ki sake kwantar da jarumarki a gado, 'yar uwa, ki je ki yi wuni guda a bencin asibiti, ki ƙirga tambayoyin da tsohuwar nas ke yi wa uwar yaro kafin kowa ya ɗauko allura.