Kasafin Kuɗi a PDF Bai Wadatar Ba: Jihohi Su Buɗe Rumbun Bayanan da Waya Za Ta Iya Bincikawa

Duk mai wayar hannu a yau yana iya sanin inda kowace naira ta asusunsa ta tafi cikin daƙiƙa kaɗan. Da ya buɗe manhajar banki zai ga nawa ne ya fita, wa aka tura wa, a wace rana. Amma kuɗin jiharsa, waɗanda su ma yana da haƙƙi a cikinsu, babu manhajar da za ta nuna masa su haka. Ga shi kuwa fasahar yin hakan ta daɗe da samuwa. Lokaci ya yi da kowace jiha a Nijeriya za ta buɗe rumbun bayanai guda ɗaya a intanet, wanda zai nuna duk kuɗin da gwamnati ta biya, kuma kowa ya iya bincikawa kyauta.

Wasu sun riga sun gwada. A watan Disamban 2014, ma'ajin jihar Ohayo ta Amurka, Josh Mandel, ya ƙaddamar da shafin Ohio Checkbook. An zuba bayanan kashe kuɗi na shekara bakwai a ciki, sama da dala biliyan 400. Mutum zai rubuta sunan kamfani ko ma'aikata kamar yadda yake yi a Google, sai jerin kuɗin da aka biya ya fito. Kafin shafin, Ohayo tana ta 46 cikin jihohi 50 a jadawalin bayyana kashe kuɗi na ƙungiyar US PIRG. A 2015 ita ce ta zo ta ɗaya. Daga baya aka gayyaci garuruwa da hukumomin makarantu su ma su saka nasu bayanan.

A Nijeriya ma ba baƙon abu ba ne. A watan Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin Open Treasury, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa wallafa duk kuɗin da suka biya da ya haura naira miliyan 5. Ƙungiyar BudgIT ta bi bayanan, ta gano manyan kuɗaɗe da aka biya ba tare da bayanin abin da aka saya ba, da wasu da aka tura asusun ɗaiɗaikun mutane. Wannan ya nuna shafin yana da giɓi, amma kuma ba don shafin ba da babu wanda zai ga giɓin tun farko.

A matakin jihohi fa? An ɗan motsa. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa ba jihohi tallafi idan suka wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci. Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen Open Government Partnership a 2018, ta kuma fito da manhajar Eyes and Ears don jama'a su riƙa kai rahoton yadda ayyuka ke tafiya a yankunansu.

Sai dai galibin abin da jihohi ke wallafawa fayil ne na PDF mai ɗaruruwan shafuka. Wani ma hoton takarda aka ɗauka, ba a iya neman kalma a cikinsa. Mai ƙaramar waya zai ƙona datarsa wajen saukewa, ya yi ta jan allo hagu da dama, ya gaji ya rufe. Babbar matsalar kuma ita ce, kasafi alƙawari ne kawai. Yana iya cewa an ware kuɗin gyaran asibitin wani gari, amma ba zai faɗi ko an fitar da kuɗin ba, balle sunan ɗan kwangilar da ya karɓa. Tsakanin abin da aka ware da abin da aka biya ne kuɗin jama'a ke ɓacewa.

Rumbun da ya cancanci sunan ya kamata ya cika waɗannan sharuɗɗa:

1. Ya nuna kowane biya ɗaya bayan ɗaya: adadi, rana, ma'aikatar da ta biya, wanda ya karɓa da dalilin biyan.
2. A iya nema da sunan kamfani, ƙaramar hukuma ko mazaɓa.
3. Ya buɗe da sauri a waya mai araha, ko da sabis ba ƙarfi, kuma da Hausa da sauran harsunan jihar.
4. A iya sauke bayanan a tsarin Excel ko CSV, don 'yan jarida da masu ƙirƙirar manhaja su yi aiki da su.
5. A riƙa sabunta shi kai tsaye daga na'urar ofishin akanta janar, aƙalla duk mako.
6. Majalisar dokokin jiha ta kafa shi da doka, don kada wani gwamna ya zo ya rufe.

Masu adawa za su ce akwai batun tsaro da sirri. Gaskiya ne bai dace a wallafa lambar asusun ma'aikaci ko sunan marar lafiyar da aka tallafa wa ba. Amma ana iya ɓoye waɗannan a bar sauran, kuma ko kuɗin tsaro ana iya nuna jimillarsu. Wasu za su ce da tsada. Jihar da ke biyan albashi da 'yan kwangila ta banki tana da bayanan nan a kwamfuta tuntuni, abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofa. Wasu kuma za su ce talaka ba zai karanta ba. Ai ba sai kowa ya karanta ba. Matashi ɗaya ya gano an biya kuɗin rijiyar burtsatse a unguwarsu alhali babu ko rami, ya ɗauki hoton allo ya tura zauren WhatsApp, kafin magariba gari ya sani. Jami'in da ya san ana kallonsa kuwa zai yi tunani kafin ya sa hannu.

Dalilin gaggawa a fili yake. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, yayin da jama'a ke biyan farashin a gidan mai da kasuwa. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Kuɗi sun ƙaru, ya kamata idon da ke kansu ma ya ƙaru.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, kuma matasa na iya fara amfani da ita tun yau. Amma rubuta wasiƙa a kan kowace kwangila ba zai ɗore ba. Don haka duk ɗan takarar gwamna ko majalisar jiha da ya shigo Facebook ko TikTok neman ƙuri'a, ya kamata ya tarar da tambaya ɗaya tana jiransa: a wace rana zai buɗe rumbun, kuma zai yarda a sa shi a doka?